Wasiƙa zuwa ga Malam Lawal kan batun Haiti

Assalamu alaikum Malam Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya sanyin can? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce tun kafin azumi rabonta da muryarka, ka daure ka neme ta.

Na saurari saƙon da ka turo, inda ka ce tunda mutanen Haiti sun kasa riƙe kansu, gara Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ƙasar har ƙura ta lafa. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, ganin abokan aikinka 'yan Haiti kullum hankalinsu a tashe saboda danginsu da ke Port-au-Prince. Amma malam, ban yarda ba. Kafin a ce mutum bai iya tuƙi ba, ai sai an taɓa sakar masa sitiyari.

Bayi ne fa suka fatattaki rundunar Napoleon, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu 1804 a ƙarƙashin jagoransu Dessalines. A 1825 Sarkin Faransa Charles X ya turo jiragen yaƙi bakin gaɓa, ya ce sai sun biya faran miliyan 150 a matsayin diyyar dukiyar da iyayengijinsu suka yi asara, kuma a cikin dukiyar har da su kansu bayin. Daga baya aka rage zuwa miliyan 90. Kuɗin babu, sai suka ranto a bankunan Faransa don su biya Faransa, bashin da bai bar wuyansu ba sai 1947. Amurka kuwa ba ta ma amince akwai ƙasa mai suna Haiti ba sai 1862.

A Disambar 1914 sojojin ruwan Amurka suka shiga bankin ƙasar da rana tsaka, suka kwashe zinariya ta dala dubu 500 suka kai wani banki a New York. Shekara na zagayowa suka mamaye ƙasar, ba su fita ba sai 1934. Suka sake tsarin mulki don baƙo ya iya mallakar ƙasa, abin da Dessalines ya haramta, suka sa talakawa aikin hanya na tilas. Charlemagne Péralte da ya ɗauki makami, bayan sun kashe shi a 1919, ɗaure gawarsa suka yi a jikin ƙyauren ƙofa, suka ɗauki hoto suka rarraba don a tsorata. Nemi hoton ka gani, yana nan a intanet. Yau titi-titi ake sa wa sunansa.

Za ka ce wannan tsohon zance ne. To mu zo zamaninmu. A Disambar 1990 talakawa suka zaɓi Aristide shugaban ƙasa da kusan kashi 67 cikin ɗari, bai cika wata takwas a kujera ba soja suka kifar da shi. Amurka ta maido shi a 1994, amma da sharaɗi, kuma cikin abin da ya biyo baya har da rage harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin ɗari. Shinkafar Amurka mai tallafi ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka bar gonaki suka tararo birni. Bill Clinton da bakinsa ya nemi afuwa kan wannan a 2010, bayan aikin gama ya gama. A 2003 Aristide, a wa'adinsa na biyu, ya ce Faransa ta dawo da kuɗin 1825, ya ƙiyasta su dala biliyan 21. Ranar 29 ga Fabrairu 2004 jirgin Amurka ya ɗauke shi, bai dire shi ba sai Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Amurkawa sun ce murabus ya yi, shi ya ce sace shi aka yi.

Majalisar da kake kira ai ta zauna can shekara 13, daga 2004 zuwa 2017. Watanni tara bayan girgizar ƙasa ta 2010, ƙazantar sansanin sojojin Nepal na Majalisar da ke kusa da garin Mirebalais ta gangara cikin rafi, ta shiga kogin Artibonite inda mutane ke sha suna wanki. Kwalara ta kashe kimanin mutum dubu 10 a ƙasar da ba ta san cutar ba. Sai Disambar 2016 Ban Ki-moon, Sakatare-Janar na Majalisar a lokacin, ya ba da haƙuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓe. A na 2010 sakamakon farko ya nuna Mirlande Manigat da Jude Célestin ne za su je zagaye na biyu. Ƙungiyar ƙasashen nahiyar Amurka, OAS, ta ce a cire Célestin a sa mawaƙi Michel Martelly, Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, ta taso har Port-au-Prince, aka yi yadda suke so. Martelly ne ya ɗauko Jovenel Moïse, wanda shi ma ya zama shugaban ƙasa, har sojojin haya 'yan Kolombiya suka kashe shi a gidansa ranar 7 ga Yuli 2021. Kwana goma bayan nan jakadun ƙasashen waje, waɗanda ake kira Core Group, suka fitar da sanarwa suna kiran Ariel Henry da ya kafa gwamnati. Shi ke nan, ba ƙuri'a, ba majalisa. Ƙungiyoyin farar hula da na manoma da na addini sun haɗu a otal ɗin Montana sun tsara nasu shirin riƙon ƙwarya, aka yi biris da su. Hatta manzon Amurka na musamman, Daniel Foote, ajiye aiki ya yi a Satumbar shekarar, yana sukar wannan ɗabi'a ta zaɓar wa mutane shugaba.

Ban wanke 'yan siyasar Haiti ba. Duvalier uba da ɗa sun yi shekara 29 kan mulki suna zalunci, attajirai da 'yan siyasa kuma su suka raini 'yan dabar da yanzu suka gagare su. Sai dai Haiti ba ta ƙera bindiga, yawancin makaman daga Amurka ake fasa-ƙwaurinsu, musamman ta Florida. Wanda da gaske yake son taimako, ga wurin farawa nan a tashar jiragen ruwansa. 'Yan sandan Kenya da suka fara sauka a Yunin 2024 ba za su iya toshe wannan ƙofa ba.

In kun zauna cin abinci da abokan naka, tambaye su labarin yarjejeniyar Montana, da kuma wace shinkafa kakanninsu suke ci. Ina son jin abin da za su ce, ko da ya saɓa wa nawa.

Yajin da ka ce a aiko maka yana hannun Alhaji, ƙarshen wata zai taso. Ka gaishe da Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Habibu