Kuɗin noma na shigowa, ita kuwa fadamar Rima tana mutuwa

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, Allah shi ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana kan kuɗaɗen da gwamnati ke warewa da sunan gyaran ƙasar noma da fadamu da dazuzzuka, don abin ga ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. In anka zo zancen noman rani kowa taki da iri da inji yake kira, daga manya har mu ƙanana, amma ba ka jin mai tambaya ita fadamar da za a zuba wa takin wane hali take ciki.

Kuma ba wai kuɗi ba su shigowa ba ne, suna shigowa sosai. Tun farkon shekarun 1990 anka fara shirin Fadama a ƙasar nan da rancen Bankin Duniya, anka yi na ɗaya anka yi na biyu anka yi na uku har da ƙari a kai. A 2015 anka buɗe shirin ba manoman shinkafa bashi na Babban Banki nan maƙwabtanmu Birnin Kebbi, a shekarar ce kuma anka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta dashen itatuwa, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada da anka ce za a yi aikin cikinsu. Ƙarshen 2021 ga ACReSAL, wani shirin Bankin Duniya na gyaran ƙasa da ruwa, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, da niyyar farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Ga kuma asusun kula da muhalli da ke nan tun 1981 ana cire mai kaso daga kuɗin tarayya. Kuma mu tuna mafi yawan na Bankin Duniyan nan bashi ne ba kyauta ba, 'ya'yanmu da jikokinmu za su biya, don haka muna da hakkin mu tambayi mi anka yi da su.

Ni ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba, wallahi an yi. Shirin Fadama shi ya fitar da mutanenmu daga jigo da guga ya kai su ga inji da bututu, wanda da yake ban-ruwan ɗan fegi biyu sai ga shi yana noma albasa da tafarnuwa ana lodin mota daga Wurno da Goronyo da Gada zuwa kudu har da ƙasashen waje, mutane sun yi aure sun gina gidaje sun je Makka da kuɗin rani. Wanga gaskiya ne. Amma duk taimakon ga hanya ɗaya ya bi, yadda za a ƙara jan ruwa da yadda za a ƙara faɗin gona. Fadama ta zama saniyar tatsa, kowa ya zo da ƙwaryarsa ba mai zuwa da dusa.

Wanda ke shakka ya zo fadama cikin watan Maris ko Afrilu ya gani da idonsa. Wurin da a da in ka kafa bututu ka ɗora inji a bakin ƙasa nan take ruwa ya taso, yanzu sai ka haƙa rami ka sauka da injin ciki, wani ramin ya kai ƙugu wani ya shanye tsawon mutum, ka ga magidanci tsaye cikin rami da rana tsaka yana ɗura ruwa a tiyo yana jan igiya, inji ya yi tari ya kawo ruwa kamar na buta ya ɗauke, ga hayaƙi na dukan fuskarsa ga fetur da tun cire tallafi a 2023 ya zama abin da ya zama, albasa kuma tana can ta fara kwantar da kai. Yanzu ana ta murna da injin sola, ni ma ina murna don ya rage mana kashe kuɗi, amma sola ba ta ƙara ruwa a ƙarƙashin ƙasa, hasali ma tunda ba ka sayen mai sai ka bar shi yana ta zuba tun safe har la'asar. In kowa ya samu sola ba a yi dabarar mayar da ruwa ƙasa ba to ramin nan ƙara zurfi zai yi.

To da mi ke mayar da ruwan? Ambaliyar da ke zuwa da lokacinta. Iyayenmu sun san wannan ba sai an karanta masu ba, gulbi ya cika da damina ya bazu cikin fadama ya kwanta makonni, ya bar laka mai taki, ya cika tafukka, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ruwa ya janye a bi sawunsa da shuka. Da anka gama dam ɗin Bakolori a 1978 kan gulbin Sakkwato, lokacin Talata Mafara na cikin jiharmu, mutanen da ke ƙasa da dam ɗin su sunka fara ɗanɗana kuɗarsu, cikar ta ragu, shinkafar fadama ta ja baya, masunta da yawa sunka bar gida. Ba a ma maganar abin da ya faru a 1980 da anka buɗe wa manoma wuta don sun nemi diyyar gonakinsu, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu. Sannan ga Goronyo kan gulbin Rima da anka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ba ina cewa a rushe dam ba ne, birnin Sakkwato da shi yake shan ruwa, rani ma da shi ake yi. Abin da nake cewa shi ne sakin ruwan ba shi da tsarin da manomi da masunci da makiyayi sunka sani. Ko dai a riƙe fadama ta bushe, ko a saki gaba ɗaya a kwashe gari. A watan Satumba na 2010 kowa ya ga yadda ruwa ya cinye ƙauyuka ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa, a 2018 kuma dam ɗin Goronyon nan dai ya ƙafe har anka ce bai fi kashi goma cikin ɗari ya rage ba, saboda ƙarancin ruwan sama da yashi da laka da sunka cike cikinsa. Yashin nan daga ina ya fito? Daga tudun da anka sare itatuwansa, ruwa ya wanko ƙasa ya zubo. Ka ga ashe dajin da fadamar da dam ɗin duk abu guda ne, amma a ofis kowane da ma'aikatarsa da kasafinsa da motocinsa.

Maganar namun daji da tsuntsaye kuwa in ka ɗauko ta a majalisa sai a yi maka kallon wanda ya ƙoshi, wai mutane na fama da yunwa da 'yan bindiga kai kana zancen tsuntsu. Na san da haka, ni ma ina da 'yan uwa gabashin jihar nan da ba su iya zuwa gonakinsu. Amma ku tambayi duk dattijon da ya tashi bakin gulbi yaushe rabonsa da jin kukan gauraka. Yaranmu yanzu sai a hoto. Dinya da kirinjijiya da ke rufe tafki lokacin hunturu sun zama ɗaiɗai, tafkin Kalmalo na Illela da ya ciyar da garuruwa da kifi da rani kowa ya san yadda ya koma, na Kware ma ciyawa da laka na ta matse shi. Tsuntsun nan ba ado ba ne kawai, in ya bar wuri to ruwan wurin ne ya tafi ko ya gurɓace da maganin feshi, kuma ruwan da ya kore shi shi ne dai ruwan da muke ba albasa, shi shanu ke sha, shi Sarkawa ke kamun tarwaɗa da kurungu ciki. Abin takaici tsuntsun da ya rage mana da yawa shi ne jan-baki mai cinye shinkafa, shi kam a kan samu kuɗin jirgin feshi dominsa. Akwai yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta kare dausayi, Najeriya ta sa hannu, an saka Nguru da Dagona a Yobe da Baturiya a Jigawa, amma duk faɗin fadamar Rima ba mu da wuri ko ɗaya a ciki, ban san mai hana gwamnatin jiha ta nema ba.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, a cikin kuɗin ga a ware kaso a riƙa biyan mutum don ya kiyaye, ba don ya noma kawai ba. Wani zai ce ina anka taɓa yin haka. Ana yi. A Amurka tun 1985 gwamnati ke yin yarjejeniya da manomi ta shekara 10 zuwa 15, ya bar gonar da ke zaizayewa ko bakin rafi ga ciyawa da itatuwa, duk shekara a biya shi kuɗin haya kamar ya ba da aron gonar. Ba sadaka ba ce, aiki ya yi wa jama'a anka biya shi. Mu nan mai gona bakin tafki in ka ce ya bar taku ashirin kada ya noma, da mi zai ciyar da gida? Dole ya nome har cikin ruwa. Amma in ya san duk kaka akwai abin da zai shigo mai a waya ko a asusu matuƙar gefen nan na nan da ciyawarsa da itatuwansa, wallahi shi zai zama mai gadin wurin, ko ɗansa bai isa ya sa gatari ba.

Haka dashen itace. Duk damina a yi taro a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto, a ce an dasa dubu kaza. Ni na taɓa karɓar dashe a irin wanga taro, anka rubuta sunayenmu anka ce za a kawo waya ta shinge da ɗan abin ban-ruwa, har yau shiru, kafin bazara awaki sun gama da su. A daina biyan ɗan kwangila kan abin da anka dasa, a biya mai gona kan abin da ya rayu bayan shekara biyu ko uku, a zo a ƙirga a gaban hakimi da jama'a. Ba ma sai an je nesa ba, ga 'yan uwanmu na Nijar nan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 sunka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa da ke fitowa da kansu cikin gona suna yi masu sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa, yau ana maganar hekta kusan miliyan biyar da ta farfaɗo, kuma babban abin da ya sa haka shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne ba na ma'aikacin daji ba. Can wajen Kure kusa da Yamai raƙuman dawa sun ragu har kusan 50 a 1996, yanzu sun haura 600, suna yawo cikin gonakin mutane, don an sa mutanen ƙauyukan cikin amfanin abin. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa, kuɗinsu bai kai namu ba.

Kuma kada wani ya ce tsarin Turawa ne. Keɓe wuri don amfanin jama'a a musulunci muka gaje shi, Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. Mu ma muna da hurumi da burtali da mashaya, muna da Sarkin Ruwa da in ya rufe tafki ba mai jefa koma sai ranar su, wato ranar da anka buɗe wa kowa kamun kifi. Dubi Matan Fada a Argungu, don ana hana kamu tsawon shekara shi ya sa ake fitar da giwan ruwan da mutum ɗaya bai ɗauka. Waɗannan mutane har yanzu suna nan cikin garuruwanmu, sun san iyakar kowane tafki da kowane burtali da anka cinye da wanda ya cinye shi, amma in shiri ya zo ba a nemansu sai ranar buɗe taro. A ba su alawus da takarda da iko, a ba Ardo nasa, don makiyayin da anka toshe wa hanyar mashaya ba shi da zaɓi sai ya bi ta cikin albasar wani, daga nan kuma kowa ya san inda rigima ke kaiwa.

Sai maganar masu cike fadama suna yanka fulotai a gefen birni da masu tifa da ke kwasar yashin gulbi ba dare ba rana. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna ne, don haka ba a iya cewa ba a da iko. A shata iyakar fadama a kafa alama, a daina ba da takardar gini cikinta, don gidan da anka gina a hanyar ruwa gobe shi ne za a zo ana rabon tabarmi da buhun shinkafa a kansa da sunan agajin ambaliya, kuɗin da da an kashe rabinsa wurin kiyayewa da ba a kai nan ba.

Ina kira ga mai girma gwamna da 'yan majalisarmu na jiha da masu riƙe da ACReSAL a Sakkwato, da hukumar kogunan Sakkwato da Rima, su liƙa a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma da Hausa da ajami nawa anka ware, wane tafki za a yashe, wane daji za a kewaye, su wa za a biya, a kuma riƙa faɗa a rediyo. Hukumar dam ta fitar da jadawalin sakin ruwa tun kafin a zuba iri ta zauna da manoma da masunta da makiyaya a kai. Ku kuma 'yan jarida don Allah ku turo wakilinku Kalmalo da Kware da Lugu ta Wurno cikin bazarar nan, kada ya tsaya a ofis, ya shiga fadama ya tambayi masu inji zurfin ramin da sunka haƙa bana da na shekara biyar baya, ya buga abin da sunka faɗa mai.

Na gode Malam Edita, Allah shi saka da alheri.

Naku, wani manomin rani daga yankin Kware, jihar Sakkwato.