Wasiƙar Babbar Sallah daga Pune

Pune, Indiya
Alhamis, 29 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Na san ku tun jiya kuka sauko daga Idi, yanzu haka Inna tana bakin kasko. Mu a nan sai yau, don ganin watan Indiya ya zo bayan naku da kwana ɗaya. Cikin yayyafi muka yi sallar, damina ta kankama.

Baba, kun yi tambaya a kan hoton da na turo na mutanen nan masu fararen kaya da tutoci ruwan goro da suka cika titi. To yau babu karatu, kuma ranar da suka yi wannan tafiyar dominta bana ta faɗo daidai da Sallarmu, kamar yadda aka yi bara ran 10 ga Yuli.

Abin bautarsu sunansa Vitthal, wasu su ce Vithoba. Ba kowane ɗan Hindu ne ya damu da shi ba, na mutanen jihar Maharashtra ne masu yaren Marathi, sai wani yanki na Karnataka. Ɗakinsa yana garin Pandharpur a bakin kogin Bhima. Gunki ne na baƙin dutse, a tsaye a kan tubali, ya riƙe ƙugu da hannu biyu. Duk shekara mabiyansa, waɗanda ake kira Warkari, galibinsu manoma, suna gama shuka su kama hanyar Pandharpur a ƙasa. Manyan ayari biyu ne suke ratsa Pune: ɗaya daga Alandi ɗauke da takalman azurfa na waliyyinsu Dnyaneshwar, mutumin ƙarni na 13, ɗaya daga Dehu da na Tukaram, mawaƙin ƙarni na 17. Ana ɗora takalman a keken shanu da ya sha furanni, a yi tafiyar wajen kilomita 250 cikin kusan mako uku.

A farkon tafiyar sun kwana biyu a nan, a unguwannin Nana Peth da Bhavani Peth. Sashenmu na haɗa magunguna ya kafa rumfa a bakin hanya, ni aka sa rabon man zafi da bandeji. Wallahi Baba, ban taɓa ganin ƙafafu irin waɗannan ba. Wani dattijo da zai girme ku ya zauna gabana, ba takalmi, diddigensa duk kaushi ya tsage, rigar ruwansa kuwa wata shuɗiyar leda ce da ya kifa tun daga kai. Ina shafa masa magani, hannunsa bai daina gwara 'yan ƙarafan tagullar da ke rataye a wuyansa ba, bakinsa na bin waƙa. Da na gama sai ya sunkuya zai taɓa ƙafata. Na yi wuf na janye, shi ko ya yi dariya, ashe haka suke yi wa juna, babba da yaro. Matansu kuma kowace da tukunyar wani tsiro a ka, tulsi, dangin ɗoɗɗoya ne. Da itacensa ake yi musu carbin wuya, wanda ya rataya shi kuwa ya bar nama da giya ke nan.

Tsohuwar da muke haya a gidanta ce ta ba ni labarin tubalin. Wai wani saurayi ne, Pundalik, yana cikin matsa wa iyayensa ƙafa sai abin bautar ya zo ƙofarsa. Yaron bai tashi ba, ya jefa masa tubali ya ce ya tsaya a kai har ya gama da tsofaffinsa. Shi ya sa har yau yake tsaye riƙe da ƙugu, yana jira. Na ce mata mu a wurinmu Allah ba Shi da kama, ba a kuma sa Shi jira, amma a Alƙur'ani kyautata wa iyaye na biye da tauhidi a aya ɗaya. Ta gyaɗa kai, ta ce to me nake yi a nan na bar nawa? Inna, ban sami amsar ba ta ba.

Kada ku ɗauka duk abin nasu sumul yake. Ɗaruruwan shekaru ba a barin waɗanda ake ƙyama saboda asali su shiga ɗakin. Wani mawaƙinsu, Chokhamela, a bakin ƙofa aka binne ƙasusuwansa, kuma sai a 1947 aka buɗe wa irinsu, bayan wani malami, Sane Guruji, ya yi yajin cin abinci. Yanzu kowa na bin layi ya kai goshinsa ga ƙafar gunkin. Ko da asubahin yau, babban ministan jiha ne ya jagoranci bautar tare da wasu mata da miji da aka zaɓo daga cikin layin, haka al'adar take.

Yau azumi suke, amma ba irin namu ba: hatsi kawai suke bari. Tsohuwar ta aiko mana da wani dambu na ƙwayoyin sitacin rogo da dakakkiyar gyaɗa da dankali, ana ce masa sabudana khichdi, ya yi daɗi ƙwarai. Mu kuma ba mu da abin mayar mata. A garuruwa da ƙauyuka da dama na jihar nan Musulmi sun yi shawarar ɗage yanka zuwa gobe saboda maƙwabta, tunda layya kwana uku ce. Mu ɗalibai ma haka muka yi, ɗan akuyan da muka yi karo-karo muka saya yana ɗaure bayan gida. Sa dai ba a maganarsa, doka ta hana yanka shi a jihar tun 2015.

A gaishe mini da Gwaggo da Kawu da su Yaya. A faɗa wa Auta kuɗin goron Sallarta na wurin Yaya, kada ta bari ya ce ya manta. Jarrabawa na tafe, ina neman addu'arku.

Wassalam,
Ɗanku