Alamar ƙarshen zamani da na tarar a cikin madafina

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni tsohuwar malamar firamare ce a garin Zuru, na yi ritaya, yanzu hidimata ba ta wuce ta jikoki da 'yan awakina ba, sai kuma Zumuntar Mata a majami'armu. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista. Musulmi masu karanta wannan jarida su ma ba za su rasa abin ɗauka ba, tun da rana ɗaya ke dukanmu, kasuwa ɗaya muke ci.

Tun da jikana ya sa mini WhatsApp a waya, da wuya gari ya waye ban sami saƙon ƙarshen duniya ba. Yau yaƙin Gabas ta Tsakiya, gobe girgizar ƙasa irin wadda ta auka wa Turkiyya a 2023, jibi lambar 666. Lokacin korona, a 2020, an ce mana allurar rigakafi ita ce alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Daren shiga shekarar 2000 da yawanmu a majami'a muka kwana, gabanmu na faɗuwa. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka har rana ya yanka, 21 ga Mayu 2011, mutane suka rabu da dukiyarsu, ranar ta zo ta wuce. Alhali Ubangiji Yesu da bakinsa ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai. Yana nan a Matiyu 24:36.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Na gaskata zai dawo, kuma kowace safiya ta fi ta jiya kusa da zuwansa. Abin da ke damuna shi ne, cikin alamun da ya lissafa wa almajiransa a kan Dutsen Zaitun, mun riƙe waɗanda ba su hannunmu, mun saki wadda ke hannunmu. Yaƙe-yaƙe, yunwa, girgizar ƙasa, ba abin da tsohuwa irina za ta iya yi a kansu in ba addu'a ba. Amma a aya ta 12 ya ce saboda yawaitar mugunta ƙaunar yawancin mutane za ta yi sanyi. Wannan kam ba a wata ƙasa take faruwa ba. Ni a madafina na tarar da ita.

Mutanen ƙasar Zuru ba za su manta da watan Yunin 2021 ba. A farkonsa 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Danko-Wasagu, aka ƙirga gawa 88. Ranar 17 ga watan kuma aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Cikin wannan damina ne dangin marigayi maigidana suka iso mini daga ƙauye, mutum 11, yawancinsu mata da yara, kayansu ƙunshe a zannuwa. Wata ta taho da tukunya ɗaya da muciya, ba ta ma san ta ɗauko su ba. Na tarye su da hannu biyu, muka yi kuka tare, na buɗe musu ɗakuna biyu, na ce nan gidanku ne. Allah ya sani da zuciya ɗaya na faɗa.

Sati ya wuce, wata ya wuce. Buhun dawar da na yi lissafin zai kai ni kaka ya ƙare kafin a yi noman biyu. Kuɗin fansho ba ya ƙaruwa don an sami baƙi. Ban san ranar da na fara sa kwado a ɗakin ajiya ba, ban san ranar da manja da magi suka koma ƙarƙashin gadona ba. Ban kori kowa ba, ban zagi kowa ba. Gaisuwata ce kawai ta gajarta, in sun ce ina kwana sai in amsa ban ɗaga kai ba. Duk da haka ko sau ɗaya ban fasa zuwa addu'ar safe ba, kuma ranar Lahadi ni ce a gaba da ankon zumunta, ina kaɗa tulu, ina ba da waƙa.

Wata yamma na gama kwashe tuwo, sai ƙaramar cikinsu, yarinya 'yar shekara bakwai, ta matso da cokali ta ce, "Kaka, in kankare ƙanzon?" Ƙanzo fa, abin da nakan jiƙa in ba awaki. Na daka mata tsawa, na ce ku ba ku ƙoshi ne? Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ajiye cokalin a hankali a bakin murhu, kamar mai tsoron kada ya yi ƙara, ta ja da baya. Uwarta tana tsakar gida, ta ji komai. Washegari kafin in fito sun share gidan tas, sun cika randuna, sun tafi daji neman itace ba su karya ba, dajin da ni kaina na san ba lafiya.

A ranar ni ce ke da karatu a addu'ar safe, kuma nassin da aka ba ni 1 Bitrus 4:7-9 ne. Manzo Bitrus ya fara da cewa ƙarshen dukan abubuwa ya kusato. Mai karatu zai yi tsammanin daga nan zai shiga lissafin alamu. Ko kusa. Cewa ya yi ku natsu domin ku yi addu'a, fiye da komai ku ƙaunaci juna da gaske, ku riƙa karɓar juna baƙunci ba tare da gunaguni ba. Da na iso kan gunagunin nan muryata ta sarƙe, wata 'yar'uwa ta karɓi Littafin ta ƙarasa. Shekaru ina koya wa yara wannan aya a makarantar Lahadi, ban taɓa lura cewa maganar ƙarshen zamani da maganar tuwon baƙo a wuri ɗaya aka rubuta su ba.

Bayan an tashi na faɗa wa matan abin da na yi. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kusan duk wadda ke da baƙi a gida tana fama da irin wannan, kowa tana ɓoyewa don kunya. Wata dattijuwa, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Ke Malama, laifinki ɗaya ne, kin ɗauki jinka da hannu ɗaya." Ta tuna mana yadda iyayenmu mata ke yi kafin ashana ta wadata: in wutarki ta mutu da dare, da asuba sai ki ɗauki sakaina ki shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi, ba wanda zai ce kin yi abin kunya. Daga ranar muka yanke shawara, duk macen da za ta auna hatsin girki ta fara ɗiban cikin hannu ɗaya ta zuba a wata ƙwarya daban. Ran Alhamis a kawo wurin zumunta, a haɗa, a raba wa gidajen da ke riƙe da 'yan gudun hijira. Ba yawa ba ne, wani satin tiya huɗu, wani satin shida. Amma ya ishe ni in cire kwadon nan. Na kira yarinyar da uwarta na roƙi gafara, uwar ta ce, "Haba Mama, ai ɗa ba ya fushi da uwarsa," muka sake wani kukan.

Mu mutanen Zuru bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba. Mun gaji gayya, mun gaji golmo, inda saurayi da abokansa ke shekara da shekaru suna noma gonar surukai tare. A cikin dangi ɗaya akan sami Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, suna da biki a haɗu, mutuwa a haɗu. Matar maƙwabcina, Hajiya, duk tsawon zaman baƙina ba ta taɓa yin kunu ba ta aiko da langa ba. Ikilisiyar farko ma haka ta yi. Da aka yi annabcin babbar yunwa a zamanin Kalaudiyas sarkin Roma, masu bi na Antakiya ba su zauna muhawara a kan ko ƙarshen ne ya zo ba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Ayyukan Manzanni 11 ke nan.

Akwai wadda ta fi wannan wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Wata Bafulatana ta shekara fiye da goma tana kawo mini nono da man shanu. Bayan hare-haren nan mata da yawa a unguwarmu suka daina saye a wurinta, ni ma na bi sahu. Takan yi sallama a ƙofa, in tura yaro ya ce ba ma bukata. Ran nan muka yi kiciɓis a kasuwa, ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Malama, me na yi miki?" Na rasa ta cewa. Nan ta ba ni labari cewa su ma an kore musu shanu, an kashe ƙanin mijinta da ya bi sawu. Muguntar wasu ta sa na hukunta wadda ita ma wuta ɗaya ta ƙone mu. Haka sanyin nan yake shiga, yana zuwa da hujja a hannu, har mutum ya ɗauka hankali ne da taka-tsantsan.

Ba ina cewa mu yi shiru a kan kisa ba. Gwamnati ta ci amanarmu duk ranar da manomi ya kasa zuwa gonarsa, kuma abin bai ƙare ba, ga shi a Nuwamban 2025 'yan bindiga sun shiga makarantar 'yan mata a Maga sun kwashe ɗalibai. Dole mu yi ta faɗa har a ji. Akwai wata gwauruwa a zumuntarmu da aka harbe mijinta yana huɗa. In aka zo addu'ar Allah ya ba masu wannan aika-aika tuba, bakinta ba ya iya cewa amin. Ba na matsa mata, ban kuma yarda wata ta yi mata wa'azi a kai ba. Nakan dai zauna kusa da ita in riƙe hannunta. Umurnin mu ƙaunaci magabtanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, yana nan daram a Matiyu 5:44, ba wanda zai goge shi. Sai dai wanda bai binne nasa ba ya rage murya wajen tuna wa wanda ya binne.

Yanzu zan juya ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, cikin ladabi. Ikilisiyar Afisa, wadda kangon birninta ke ƙasar Turkiyya a yau, an yaba mata a Wahayin Yahaya sura 2 saboda aiki da haƙuri da ƙin malaman ƙarya. Abu ɗaya aka tuhume ta da shi, ta bar ƙaunarta ta fari, kuma a kan wannan kaɗai aka ce za a kawar da fitilarta in ba ta tuba ba. Ina duban majami'unmu in ga gini na tashi, lasifika na ƙaruwa, taron neman kuɗi kusan kowane wata, ana kiran sunan wanda ya ba da mai tsoka ana tafi. A benci na baya kuwa ga mai bishara da aka ƙone masa majami'ar ƙauye, yana zaune da matarsa ba albashi, ba wanda ya tambaye shi inda ya kwana. Baba Fasto, in za a yi mana wa'azin zuwan Ubangiji, a haɗa mana da ƙarshen Matiyu 25, inda Sarki bai tambayi kowa ko ya gane alamu ba, sai dai ko ya ciyar da mayunwaci, ya sauki baƙo, ya duba marar lafiya da ɗaurarre. A ware wani kaso na baikon godiyar kaka musamman don waɗanda aka raba da gonakinsu, a kuma karanta wa jama'a yadda aka kashe shi.

Ibadar ma ta ja baya, ba sai an faɗa ba. Kwanan addu'a ya ragu saboda tsaro, wannan uzuri ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mashin ya hana tsofaffi da yawa zuwa taron tsakiyar mako, wannan ma uzuri ne. To addu'ar iyali da dare fa, wa ya hana? A gidaje da dama kowa na riƙe da wayarsa har barci ya kwashe shi. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa, mu ma ƙara ƙarfafa juna ganin ranar tana matsowa. In majami'a ta yi nisa, gida uku na layi ɗaya su shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In tsohuwa ta kwana biyu ba a gan ta ba, a taka a je, zumunta a ƙafa take. Hoton addu'a da aka tura mata a waya ba zai ɗebo mata ruwa ba.

Yawancin baƙina sun watse, wasu sun koma ƙauye da kasada, wasu sun kama haya a gari. Yarinyar nan uwarta ta bar mini ita, tana aji shida yanzu. Idona ya yi rauni, ita ke karanta mini Littafi Mai Tsarki da dare, in ta yi tuntuɓe a kan wata kalma in gyara mata. Bafulatanar kuma ta koma kawo nononta ran Talata da Asabar. Ƙwaryar hatsi tana nan a gefen murhu, muna haɗawa kowace Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma, don har yanzu akwai gidaje a unguwarmu da ke riƙe da baƙi, wasu ma sababbin zuwa ne.

Na gode, Edita. Allah ya ba ƙasarmu lafiya.

Taku cikin Ubangiji,
Wata uwa a Zumuntar Mata,
Zuru, Jihar Kebbi