Saifar da ta kusa kunyata ni

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san za ka ce sai da ta ƙure min na tuna da kai. Faɗi abinka, ba zan musa ba. Akwai tambayar da nake son yi maka, amma bari in fara amayar da abin da ke cina tun makon jiya.

Daren Talata aka kawo min wani kare, Jaman Shefad, namiji, shekara 6, kilo 38. Kwana huɗu ba ya cin abinci, sai amai jefi-jefi, dasashi fari fat, fitsari kamar ruwan tsatsa. Na taɓa cikin, saifa ta cika min hannu. Ka san inda hankalina ya tafi: ciwon kaska. Wallahi har na zuƙi allurar a sirinji. Jinin da muka shafa a gilashi ne ya sa na dakata, na duba har idona ya yi ruwa, ban ga ƙwayar Babesiya, mai haddasa ciwon kaskar, ko ɗaya ba. Na san rashin ganinta ba hujja ba ne, amma karen sai miƙa yake yana gantsarewa, irin ta mai ciwo a ciki.

Sai tsoron murɗewar tumbi ya kama ni, tunda irinsu masu zurfin ƙirji ne ta fi kayarwa. Na kwantar da shi ta gefen dama muka ɗauki eksire. Ka tuna yadda Malam yake buga tebur a kan wannan? Ta dama, ba ta hagu ba, don iska ta cika mafitar tumbin, a ga ta haye sama, tumbi ya rabu gida biyu da tsiri a tsakani. Kai kam a lokacin barcinka kake sha a kujerar baya. To, babu gida biyu. Tumbi na zaune a wurinsa. Saifar ce ba ta nan inda aka san ta, sai wata ƙatuwar inuwa a tsakiyar ciki, ta lanƙwashe kamar lauje, ta ture hanji baya.

Na aske shi, na shafa man sikanin, na ɗora. Saifa ta kumbura ƙwarai, ta yi duhu, ga siraran layuka farare sun ratsa ta ko'ina kamar leshi. A gindinta, inda jijiyoyi ke fita, kitsen ya yi haske, siffar kusurwa uku. Da na kunna Dopla, mai nuna gudun jini da launi, sai allo ya yi tsit, ba ja ba shuɗi. Na rage ma'aunin gudu har ƙasa, na sauya kwanciyar hannu, don kada a ce saitina ne ya yi ƙarya. Na koma kan jijiyar hanta, launi ya kawo nan take. Na dawo saifa, shiru: ta murɗe, jini ba ya gudu a cikinta. A nan gwiwata ta yi sanyi, don sirinjin nan yana ajiye a kan tire yana kallona.

Af, ka ji mai gilashin ajinmu, wanda ya sume a tiyatarmu ta farko, yanzu shi ke koyar da tiyata? An ce har ya ajiye gemu yana yi wa ɗalibai tsawa. Ranar da na ji, dariya har da hawaye.

Ƙarfe ɗaya na dare muka buɗe shi, bayan ƙarin ruwa. Saifar ta yi baƙi, gindin ya nannaɗe kamar igiyar da aka tufka. Yaron da ke taya ni har ya kai hannu zai warware, na buge hannun. Warware ta na nufin sakar wa jiki gudajin jini da duk dafin da ya taru a ciki. A murɗenta muka ɗaure jijiyoyin muka cire ta, ina lura da jelar fankiriyas, gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci, da ke kusa. Sannan na ɗinke tumbin a bangon ciki na dama. Na san kai da wasu kuna ganin ƙarin aiki ne, ni dai ba zan bar tumbi yana lilo a gurbin da saifa ta bari ba.

Dare na biyu bugun zuciyarsa ya rikice, irin wanda kan biyo bayan cire saifa, sai da na sa lidoken, maganin daidaita bugun. Ban runtsa ba. Jiya ya yi min haushi da na zo cire robar ruwa, ban taɓa jin daɗin haushin kare kamar wannan ba.

Har yanzu kana da waccan tsohuwar na'urar da sai an mare ta take kamawa? Ka gaida Madam, ka ce har yanzu ina bin ta bashin amsar saƙona. Tambayar da na ce zan yi maka kuwa ta shige min duhu, idan ta dawo zan kira.

Naka har kullum.