Zuwa ga ƙanwarmu mai son yin fim kan masu lambun Kano

Assalamu alaikum. Kin yi tambaya a gaban jama'a cewa kina da kyamara ɗaya da ɗan guzuri, ta ina za ki fara fim na gaskiya kan masu lambun bakin Jakara da Kwakwaci? Amsarmu ita ce ki ajiye kyamarar tukuna.

Sati biyun farko ki je hannu rabbana. Ki gaida mai unguwa da shugaban masu lambun, ki zauna ki ji wane ne ya gaji filinsa, wa yake haya, wa aka ba aro. Mai aro ba ya sakin baki, yana tsoron kada mai fili ya gan shi a talabijin ya karɓe abinsa. Sannan ki zaɓi mutum uku, ba ashirin ba. Masu fara wannan aiki sukan tara hira da dattijai goma sha biyar, kowa ya ce taki ya yi tsada, a ƙarshe ba labari.

Labarin yana cikin fangali. Ki ɗauki guda ɗaya ki bi shi daga reno zuwa dashe, har ranar da dillali zai ɗora kwando zuwa kasuwar 'Yan Kaba. Latas kan isa cira kimanin sati shida bayan dashe, alayyahu bai kai haka ba, albasa kuwa sai ta ci wata uku zuwa huɗu. Don haka ki shiga a Nuwamba, in kin bari sai Fabrairu kin tarar da rabin zance. Ki kafa turke inda ƙafar kyamara za ta riƙa tsayawa, duk sati ki ɗauki minti ɗaya daga nan. Idan mai tumatir ne, ki tambaye shi 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, za ki ji bakinsa ya buɗe.

Hazon hunturu yana kashe launi, koren ganye ya koma toka-toka. Ki yi ɗauka daga ƙarfe 6:30 zuwa 9 na safe, lokacin ban ruwa ke nan, sai kuma bayan la'asar. Kada ki canza gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shiga ta bar ɗigo a kowane hoto.

Sauti ne ke kayar da mutane. Injin ban ruwa ba ya barin a ji magana, kuma da wuya a cire ƙararsa tsaf wajen tace sauti. Ki roƙi a kashe shi na minti goma, ki biya man da kanki in ya kama, ki maƙala ƙaramin makirufo a wuyan riga da soson tare iska. Katin ajiyar bidiyo na 64GB kan cika cikin kamar awa ɗaya da rabi in kina ɗauka a 4K, wato hoto mai kyau sosai, ki riƙe uku, ki kwafe a faifai biyu kafin ki kwanta.

Sai maganar ruwan. Kowa ya san ruwan ƙazantar da ke gangarowa Jakara daga cikin gari, kuma fim ɗin da ya ɓoye wannan maƙaryaci ne. Amma hoton kwata kusa da latas ɗin mutum, da fuskarsa, na iya korar masa masu saye. Ki gaya musu tun farko za ki nuna, ki karanta musu takardar yarda da Hausa, ki ɗauki amincewarsu a bidiyo, su kuma fara kallon fim ɗin kafin kowa. Ki leƙa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kan batun izini kafin ranar ɗaukar farko.

Wassalam.