Kafin a miƙa wa yaro waya ya buga gem, a duba lambar shekaru

Assalamu alaikum Edita, dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan uwana akan ƙananan yara da buga gem, abun nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni dai bana cikin masu cewa a hana kwata-kwata, don na ga amfaninsa da idona. Ɗan ƙanwata shekararsa shida, sanda ya fara riƙe pad yatsunsa ko kaiwa maɓallan basa yi sosai, motar cikin gem ɗin in ta yi kwana shi ma sai ya karkata jikinsa gaba ɗaya harshe a waje, amma yanzu a Minecraft yake gina gida harda garken tumaki, yana ƙirga bulo nawa zai ishe shi, in ginin ya ɓaci ya rushe ya sake ba kuka ba komai. Ubansa ne ke zama da shi shiyasa.

Abun da ke damuna shine yawancin mu bamu san kowane gem akwai lambar shekaru a jikinsa ba, a kwalin take ko a Play Store ƙasan sunan gem ɗin, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Minecraft na ɗan shekara 7 ne, ƙwallon FIFA 3, amma GTA da Mortal Kombat 18 aka rubuta ƙarara, ma'ana masu tantance gem sun ce ba na yara bane saboda kisa da jini da ashar. Toh amma leƙa gidan gem na unguwa bayan la'asar ka gani, yaro ɗan bakwai da allonsa a hammata ya ɓoye kuɗin tara ya zo ya zauna tsakiyar samari ana zage-zage wasu har caca suke akan wasan, shi kuma yana koyon yadda ake fizgo mutum daga mota a harbe shi. Wallahi abun da ciwo.

Ga kuma mu iyaye mata, yaro na fara rigima sai a cusa masa waya dan a samu a gama girki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan shekara ɗaya kar a ajiye shi gaban sikirin sam, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, kuma ita ce ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ƙasar Sin ma da take cikin manyan masu ƙera gem ɗin, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 gem na intanet zuwa awa uku a sati, Juma'a da Asabar da Lahadi.

Dan Allah a zauna da yaron in zai buga, a zaɓa masa da kai, akwai wani app Family Link na Google kyauta ne yana kulle wayar in lokacin da ka sa ya cika. Masu gidajen gem kuma ku ji tsoron Allah ku daina karɓar kuɗin yara lokacin boko da Islamiyya, masu unguwanni su sa baki a wannan.

Nagode Edita.

Wata uwa daga Gusau