A riƙa ambaton mai tallafi idan ana ba da labarin wasannin salula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan jaridarka. Ni mai gyaran salula ne a nan Yamai, kuma ina cikin waɗanda suka ji daɗi da kuka fara ba wasannin salula gurbi a shafin wasanni, kusa da ƙwallo da kokowa. Sai dai akwai abin da ke ci mini rai game da yadda ake ba da labarin, a jarida da kuma a bakin samari a fada. Duk lokacin da aka tashi yabo, wanda ya fi kashe abokan gaba ake yabo. Mai tallafi, wanda mintuna biyar na farkon wasa suke hannunsa, ko sunansa ba a kira. Shi ya sa yaranmu ke gudun wannan matsayi, shi ya sa kuma ake lallasa su idan suka gamu da ƴan wasan wasu ƙasashe.

Saboda dattawan da ke karanta jaridar nan, bari in faɗi yadda wasan yake. Wanda muka fi bugawa shi ne Mobile Legends, na kamfanin Moonton da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016. Danginsu ɗaya da League of Legends na 2009 da Dota 2 na 2013, amma waɗancan kwamfuta suke so, mu kuwa salula ke hannunmu. Mutum biyar ne ke karawa da mutum biyar. Akwai hanyoyi uku da suka haɗa gidajen biyu, kowace hanya da hasumiyoyin tsaro, tsakaninsu kuma daji ne mai dodanni. Wanda ya rushe gidan abokin gaba shi ya ci. Aiki biyar ne: maharbi a hanyar zinariya, mayaƙi a ɗaya gefen, mai sihiri a tsakiya, ɗan daji, sai na biyar wanda ba shi da hanya tasa, yawo yake yana taimakon kowa. A kan wannan na biyar, wato mai tallafi, nake magana, kuma shi nake bugawa.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, wasan da kansa ya tsara mai tallafi ya zauna da talauci. Akwai takalmin yawo da yake saye tun kafin a fito daga gida. Da zarar ya sa shi, a mintunan farko ba ya raba kuɗi da makin girma na ƙananan sojojin da wasan ke turowa a kowace hanya da ɗan'uwan da ke kusa da shi, sai dai ya riƙa samun ɗan abin da wasan ke ɗiga masa. Wato zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da maharbi, ya sha dukan da aka nufi maharbin da shi, amma kuɗin duka aljihun maharbi suke shiga. Yaron da ya zaɓi jarumin tallafi irin Tigreal ko Estes ya manta da takalmin nan ya cuci maharbinsa tun ba a je ko'ina ba, don kowane soja da ya faɗi raba shi suke yi biyu. Ina yawan ganin haka, kuma daga baya a ce maharbin ne bai iya ba.

To, ga yadda mintunan farko suke a wurin mai tallafin da ya san aikinsa. Ana fitowa, ɗan daji zai nufi dodon farko da ke ba shi ƙarfi. A wannan lokacin shi ne mafi rauni a duk filin: jininsa na raguwa, hankalinsa na kan dodo. Idan abokan gaba suna da Franco, mai ƙugiya, ko suna da ƙarfin farko, za su iya kutsowa su ƙwace dodon, ɗan dajinku ya zauna a baya har ƙarshen wasa. Don haka mai tallafi ba zai tsaya yana taya shi duka kawai ba. Zai je ya laɓe a ciyawar da ke bakin mashiga, ya zama ido. A Mobile Legends babu fitilun leƙen asiri da ake dasawa a ƙasa kamar na Dota 2 ko League of Legends. Jikinka ne fitilar. Inda ka tsaya, nan ƴan'uwanka suke gani a taswira. Inda ba ka je ba, duhu ne gare su.

Daga nan sai ya leƙa tsakiya, ya taya mai sihiri share sojojin farko da sauri, don shi ma ya samu sukunin motsawa. Sai kuma ya duba agogo. A minti na biyu Kunkuru, wani babban dodo, ke fitowa, kuma ƙungiyar da ta kashe shi duk ƴaƴanta biyar na samun kuɗi da maki. Faɗan farko na gaske a nan yake. Mai tallafi ya kamata ya riga kowa isa wurin, ya bincike ciyayin da ke kewaye, ya tsaya tsakanin ɗan dajin abokan gaba da Kunkurun. Ba shi zai kashe Kunkuru ba, aikinsa ya hana wancan ɗan dajin matsowa kusa ya sace bugun ƙarshe. Wanda ya iso bayan an fara faɗa ya makara, ko da daƙiƙa biyar ne.

Akwai kuma lissafin mataki na huɗu. A wasan nan sai jarumi ya kai mataki na huɗu babban makaminsa ke buɗewa. Tigreal kafin mataki na huɗu tura mutum kawai yake iyawa. Da ya kai, yana iya janyo mutum uku ko huɗu wuri guda ya sandarar da su. Angela kafin nan ƴar rakiya ce. Da ta kai, tana iya faɗawa jikin ɗan'uwanta ko yana can ƙarshen taswira. Mai tallafi na ƙwarai yana ƙidaya matakin kowa a ransa, nasa da na mutum taran da suka rage. Ya san lokacin da zai ce a shiga, ya san lokacin da zai ce a ja da baya don wancan ya riga mu kaiwa. Sau da yawa abin da ya fi amfani da nake yi a wasa shi ne danna alamar ja da baya.

Sannan ga maharbi. Layla ko Miya a minti na uku abin tausayi ne, ba gudu ba jini. A minti na goma sha biyu kuwa su ke rushe gida. Duk dabarar abokan gaba ita ce kada maharbinku ya ga minti na goma sha biyu da kayan faɗa a jikinsa. Za su taru su uku su faɗo masa a ƙarƙashin hasumiya, kuma a mintuna biyar na farko hasumiyar waje tana da garkuwa wadda duk wanda ya farfasa ta yake samun kuɗi, don haka riba biyu suke nema. Mai tallafi shi zai lura cewa mai sihirinsu ya ɓace daga tsakiya, ɗan dajinsu ma ba a gan shi ba, ya gane inda suka nufa kafin su isa. Idan ya isa a kan lokaci, wani sa'in faɗan ma ba ya faruwa, sai su ga mutum biyu su juya. Wannan ba ya fitowa a allon sakamako. Babu lambar da ke nuna kisan da aka hana.

Nan ne kuma maganar mutuwa take da wuya, kuma ina so samari su ji ni da kyau. Wasu sun ɗauka tallafi shi ne ka riƙa mutuwa don wasu. A'a. Duk mutuwarka kuɗi ce ga abokan gaba, kuma daƙiƙun da kake kwance ƴan'uwanka makafi ne. Akwai mutuwar da ta cancanta: ka tare hanya maharbi ya tsira, ko ka riƙe mutum uku ɗan dajinku ya gama da Lord, wanda ke maye gurbin Kunkuru wajen minti na takwas. Akwai kuma ta banza: ka shiga ciyawa kai kaɗai ba wanda ke bayanka. Haka nan idan abokin gaba ya rage ɗan jini kaɗan kuma maharbinka na kusa, ka ɗaga hannu ka bar masa. Kuɗin kisan a hannunsa bindiga ne, a hannunka kuwa ba su da yawan amfani. Na san da zafi, don allon zai nuna ba ka kashe kowa ba. Amma idan maharbin ba zai kai ba, ka gama da shi, kada ka bar shi ya gudu don kunya.

Duk mai zaman fada ya san mai dafa shayi. Shi ke hura gawayi, shi ke ɗauraye kofuna, shi ke sha a ƙarshe, kuma ranar da bai zo ba, kowa sai ya watse da wuri. Haka mai tallafi yake. Matsalar ita ce yadda muke miƙa butar shayi ga ƙaramin cikinmu, haka muke miƙa tallafi ga sabon shiga. Ƙane ya zo yana so a sa shi, sai a ce masa, "Ɗauki Estes ka bi bayan yayanka." Wannan kuskure ne babba. Sabon shiga bai san taswira ba, bai san lokacin Kunkuru ba, bai san wane jarumi ke da haɗari a wane mataki ba. An ɗora masa aikin da ya fi kowane buƙatar sani, sannan idan aka sha kashi a zage shi. Ni a ganina sabon shiga ya fara da hanyar mayaƙi, inda zai yi ta fama da mutum ɗaya yana koyo, a bar yawo ga wanda ya fi daɗewa a wasan. Ƴan mata ma da ke bugawa, haka ake tura su tallafi ba tare da an tambaye su ba, alhali wasu cikinsu hannunsu ya fi na samarin sauri a maharbi.

Waɗanda suka yi nisa a wannan harka ba haka suke kallon matsayin ba. A watan Disamba na 2021, a Singafo, ƙungiyar Blacklist International ta ƙasar Filifin ta ci gasar duniya ta M3, ta doke ONIC ta ƙasarsu da ci 4 da nema a wasan ƙarshe. Kyaftin ɗinta a lokacin, OhMyV33nus, mai tallafi ne, kuma salonsu gaba ɗaya a kan Estes aka gina shi: su dunƙule wuri guda, yana warkar da su, su yi ta turawa. Da aka zo yi wa zakarun rigar tunawa a cikin wasan, Estes aka yi wa. A League of Legends, a gasar duniya ta 2014, Mata na ƙungiyar Samsung White ta Koriya ta Kudu, mai tallafi, shi aka ba gwarzon gasa. A Dota 2 kuma, Team Spirit da ta ci gasar The International a Bukares a 2021, gasar da kuɗin kyautarta suka haura dalar Amurka miliyan 40, kyaftin ɗinta a lokacin, Miposhka, shi ke buga matsayi na biyar, mafi talauci a ƙungiya. Ba haɗuwar sa'a ba ce. Wanda ba ya fama da ƙidayar sojoji shi ke da idon kallon fili duka, don haka shi ke ba da umarni.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ƴan Filifin ba za su koya mana ba. Rezo ɗinmu ba kullum yake da ƙarfi ba, musamman da dare lokacin da kowa ya hau, ga zafin watan Afrilu da ke sa salula ta yi nauyi a hannu. Salula nawa ake kawo mini batir ya kumbura saboda ana wasa tana jone da caji! Idan ka ga lambar jinkiri ta koma ja, kada ka ɗauki Franco. Ƙugiyarsa sai an auna daidai, jinkiri kaɗan ya sa ta faɗa iska. Ɗauki Rafaela ko Estes, waɗanda warkarwarsu ke samun na kusa ba sai an saita sosai ba. In kuma abokan gaba ne suka ɗauki mai warkarwa, kai mai tallafi ka sayi kayan faɗan da ake kira Dominance Ice da wuri don rage musu warkewa. Kada ka jira wani ya tuna. Kuma don Allah, wanda ya san an kusa kiran sallar magariba, ko batir ɗinsa ya kusa mutuwa, kada ya shiga wasan neman daraja. Wasa ɗaya na cin kusan kwata, wanda ya fita a tsakiya wasan na rage masa makin amana, ga mutum huɗu da ya bari cikin wahala. Rashin mai tallafi a minti na biyu ya fi rashin kowa ciwo.

Ban ce wasan salula ya fi karatu ko sana'a ba, kuma iyayen da ke faɗa a kan yaran da ke kwana a kansa suna da gaskiya. Amma tunda yaran na bugawa, gara su buga shi da hankali, su daina zagin iyayen juna a akwatin saƙo saboda an rasa wanda zai ɗauki tallafi. Na sha ganin wasa ya lalace tun a wurin zaɓe: mutum uku sun nace sai maharbi, ba wanda ya sauka, aka shiga fili ba mai yawo.

Roƙona gare ku, Malam Edita, guda biyu ne. Idan za ku buga sakamakon wata gasa, allon ƙarshe lamba uku yake nunawa ga kowane ɗan wasa: kisa, mutuwa da taimako. Ku buga duka ukun, kuma ku faɗi wanda ya yi yawo a kowace ƙungiya. Wakilinku ya tambayi yaran wa ya ci Kunkurun farko da yadda aka yi, zai ji labarin wasan na gaskiya daga nan. Na biyu, ina kira ta bakinku ga masu shirya ƙananan gasa a unguwanni, daga Bukoki zuwa Talaje da Harobanda, su ware kyauta ta mai tallafi, ko da katin kiredi na jika biyu ne, kuma ƴan wasan ƙungiyoyin da aka kara da su ne za su zaɓe shi, don su suka san wanda ya hana su sakat. Idan kuna buƙatar wanda zai riƙa aiko muku da sakamako daga ɓangarenmu da lambobin nan uku, a shirye nake, ba sai an biya ni ba.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran salula,
Unguwar Bukoki, Yamai